Shagon gyaran kwamfuta a bayan babbar kasuwar Garwa: sai ya auna kafin ya ɗauki sukudireba

Duk mai buga wasa a laftof a garin Garwa na ƙasar Kamaru ya san wannan ciwon. Za ka kunna FIFA komai sumul, ƙwallo na zuwa inda ka aika ta. Kafin a gama wasa na biyu fanka ta fara ihu, hoto ya fara cijewa, ka danna fas ɗan wasan ya amsa a makare, muryar mai sharhi tana kakkaryewa. Ya saki na ɗan lokaci, ya sake kamawa. Ka kai wa yawancin masu gyara, maganarsu ɗaya ce: bairos ne, a yi fomat. Akwai wani shago a lungunan bayan babbar kasuwa da ba haka yake aiki ba. Shi nake so in yi wa sharhi, da abin da ya burge ni da abin da ya ɓata min rai, don duka biyun akwai su.

Sana'ata zane ce. Katin biki, allon talla, kalandar ƙarshen shekara, duk a kwamfuta ɗaya nake yin su. Bayan isha'i kuma ni da ƙannena mukan zauna mu buga FIFA 23, wani lokaci GTA V. Laftof ɗin ta hannu ce, daga Duwala aka kawo min ita. Furosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, Core i5-8300H ce ta kamfanin Intel, irin ta 2018, mai ƙwaya huɗu, gudunta na asali gigahaz 2.3, tana iya hawa har 4.0 idan ta samu sarari. Katin hotonta, wato sashen da ke zana hoton wasa a allo, GTX 1050 Ti ne na kamfanin Nvidia, ram kuma, wato ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake cikin yi, giga 8. Ba sabuwar yayi ba ce, amma wannan katin da wannan ram ɗin su ne mafi ƙarancin abin da FIFA 23 ke nema, kuma duk tsawon hunturu ta riƙe wasan ba gardama. Da bazara ta kunno kai, wajen ƙarshen Fabrairu, sai lamarin ya lalace. Ba wasa kaɗai ba, ko babban fayil na buɗe a Photoshop da rana tsaka sai na zauna jira.

Wani mai gyara daban ya riga ya yi mata fomat, ya karɓi sefa 5,000, ya goge min duk tsarin da na saba da shi. Da daddare muka kunna wasa, ciwon na nan inda yake.

Shi wannan shagon ɗan ƙarami ne, teburi biyu, yara masu koyon aiki uku, gawawwakin laftof jibge har kusa da rufi. Maigidan shagon dattijo ne mai ƙarancin magana, Hausarsa na gauraye da Fulatanci da Faransanci kamar ta kowa a kasuwar. Na ce masa, "Malam, ko dai katin hoton ne ya mutu?" Ya ce, "Ƙanena, katin da ya mutu ba ya yin minti goma lafiya sannan ya gaji. Ka zo da cajarta? To, sa ta a wuta. Bari ita da kanta ta gaya mana abin da ke damunta."

Bai taɓa ko noti ɗaya ba. Filasha ya ciro daga aljihu, ya zuba mata HWiNFO64, wadda ke karanto zafi da gudu da wutar da kowane sashe ke ci, da MSI Afterburner, wadda ke rubuta waɗannan lambobin a kusurwar allo alhali wasa na tafiya. Ya miƙa wa yaronsa ɗaya abin bugawa, ya miƙa min ɗaya, ya ce mu buga kamar muna gida. Shi kuwa ya ja kujera ya zauna yana kallon kusurwar allon kawai.

Da farko hoto 60 a daƙiƙa, furosesa na kan gigahaz 3.9. Zafi ya tashi daga digiri saba'in da wani abu, ya wuce 85, ya wuce 92, ya je yana taɓa 99 da 100. A daidai nan gudun ya fara sauka, 3.2, 2.9, 2.6, yana hawa yana sauka. Malam ya nuna min layin da ya koma ja a HWiNFO64. Bayaninsa a taƙaice: iyakar zafin wannan furosesar digiri 100 ne. Idan ta kai nan, ita da kanta take rage gudu da wutar da take ci don kada ta ƙone. Wato ba lalacewa ta yi ba, kare kanta take yi, kuma fomat ko sau nawa aka yi ba zai rage mata digiri ɗaya ba.

Da a nan ya tsaya ya ce ƙura ce, a wanke, da na yarda na biya, kuma da na dawo masa da ƙorafi. Abin da ya sa nake rubuta wannan sharhin shi ne bai tsaya ba. Ya ce mu ci gaba da bugawa. Can sai hoton ya daskare kusan gaba ɗaya, ya faɗo hoto goma sha wani abu a daƙiƙa. Ya sa yatsa a kan lambar: gigahaz 0.8. Zafi kuwa a lokacin ya sauko cikin saba'in. Ya ce, "Ka ga wannan? Wannan ba zafin furosesa ba ne. Zafi a hankali yake rage mata gudu, mataki-mataki. Wannan faɗuwar ta lokaci guda, wani ne daga waje ya ce mata ta tsaya. Ciwo biyu gare ta."

Ya buɗe ThrottleStop, wata 'yar manhaja da ke nuna dalilin da ya sa furosesar Intel ta rage gudu. Akwai tagar da ke jera dalilan: zafi, iyakar wutar da aka yanka mata, sai kuma wani da ake kira BD PROCHOT. Shi ne ya yi ja. Wannan wata hanya ce da sauran sassan kwamfuta ke iya aika wa furosesa saƙo cewa ta sauka ƙasa nan take, ko da ita ba ta yi zafi ba. Saƙon na iya fitowa daga sassan da ke rarraba wuta a kan uwar allo, wato babban allon ciki da duk sassan kwamfuta ke haɗe a kai, idan sun yi zafi, ko daga batir, ko daga caja, ko daga na'urar auna zafi da ta lalace. Malam ya fita daga wasan ya nuna min alamar batir. Tana jone da wuta tun zuwana, amma batirin raguwa ya yi. Ni a gida ban taɓa haɗa wannan da cijewar wasa ba.

Ya jawo durowa ya ɗauko wata caja, ya ɗora min ita a tafin dama, tawa a tafin hagu. Rubutun jikinsu iri ɗaya ne, wat 130, bolt 19.5. Amma tasa ta fi tawa nauyi nesa ba kusa ba. Tawa, wadda ta zo tare da kwamfutar, jabu ce. Tana iya riƙe rubutu da kallo da ƙananan ayyuka. Amma furosesar nan ita kaɗai wat 45 aka tsara mata, katin hoto na da nasa kason mai tsoka, ga allo ga fanka biyu. Idan wasa ya haɗa su duka a lokaci guda, cajar ba ta iya ciyar da su, batir ya shigo ya cike giɓin, daga nan kwamfutar ta danne furosesa. Muka jona tasa muka sake bugawa. Zafin na nan, har yanzu yana taɓa 100, amma faɗuwar nan ta 0.8 ba ta sake zuwa ba. Gani ya kori ji.

A nan na tambaye shi abin da na sha gani a bidiyoyin YouTube, cewa a cire alamar BD PROCHOT a cikin ThrottleStop, shi ke nan matsala ta ƙare. Ya ce gaskiya ne gudun zai dawo, kuma shi ma yakan cire ta na 'yan mintuna don gwaji, ko idan ya tabbatar na'urar auna zafi ce ke ƙarya. Amma a irin tawa, cajar za ta ci gaba da ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta, batir ya ci gaba da shan wahala a cikin zafi, wata rana ɗayansu ya kumbura ko ya ƙone, watakila ya tafi da uwar allo. Ya ƙi yi. Ina ganin ya yi daidai, kuma da mai neman kuɗin gaggawa ne, da dannawa ɗaya ya sallame ni ina ta godiya.

Sai bayan duk wannan ya kwance ta, kuma ya bar ni na tsaya a kansa. Ya fara cire igiyar batir. Fankokin daga waje ba su nuna wani datti na a zo a gani ba. Da ya ɗaga su, tsakanin bakin fanka da siraran haƙoran ƙarfen da iska ke bi ta fita, sai ga wani abu mai ruwan toka a manne. Ya sa hantsaki ya jawo shi, ya fito ɗungurungum kamar guntun tsohon bargo, ƙurar hunturu ce da zaren auduga suka dunƙule. Ya ɗaga ƙarfen ya kara shi da hasken ƙofa kafin ya goge, haske ba ya ratsawa sai ta gefe ɗaya. Fankar tana ta ihu ne a banza, iskar ba ta da hanyar fita. Ya ce masu hura iska ta waje ba tare da an buɗe ba, ƙara cusa wannan dunƙulen suke yi ciki. Da ya zo hurawa kuma ya danne fiffiken fankar da yatsa, don kada ƙarfin iska ya juya ta fiye da ƙima ya lalata mata gindi.

Man da ke tsakanin furosesa da bututun jan ƙarfe, wanda ke miƙa zafinta ga bututun, ya bushe ƙamas, yana ɓarewa gari-gari, tsakiyar ma babu komai, ya gudu gefe. Ya goge da barasar goge na'ura da tsumma mai tsabta har fuskar furosesar ta koma tana ƙyalli, ya yi wa katin hoto haka. Ya nuna min bututun man Arctic MX-4 kafin ya matsa, ya sa ɗan kaɗan ya shimfiɗa ya rufe fuskar duka. Abin da na fi lura da shi su ne 'yan ƙananan katifun roba masu laushi da ke kan sassan rarraba wuta da ƙwaƙwalwar katin hoto. Ɗaya ta yage. Bai cike gurbin da mai ba, bai kuma liƙa ko wacce ya samu ba. Ya nemo mai kauri daidai da tsohuwar, ya yanka da almakashi. Ya ce idan ta fi kauri za ta ɗage bututun daga kan furosesa, idan ta fi siranta ba za ta taɓa ba. Notocin ƙarfen suna da lambobi a jikinsu, ya bi su a jere yana ɗaurewa kaɗan-kaɗan, ba ya ƙarasa ɗaya sai ya zagaya sauran.

Da ya haɗa, ya sa mata Cinebench R23, gwajin da ke matsa wa furosesa lamba na minti goma ba hutu. Zafi ya tsaya tsakanin 86 da 89, a shagon da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki, da azahar. A cikin wasa bai wuce 83 ba, hoto 60 ya zauna.

Akwai abu na uku da ya gano, amma bai tilasta min ba. Giga 8 ɗin nan sanda ɗaya ce, ɗayan ramin babu komai. Furosesar na iya magana da sanduna biyu a lokaci guda, idan ɗaya ce hanyar ta rage rabi, kuma a wasannin da suka dogara da furosesa ana jin bambancin, musamman a 'yar cijewar nan ta ƙiftawar ido. Ya ce in je in yi wasa tukuna, idan na ga da saura in dawo. Da saura ɗin kaɗan, a GTA V idan ana gudu da mota cikin gari. Daga baya na ƙara DDR4 giga 8 mai gudu 2666 irin ta farkon, ya kuma mayar min da wasannin kan SSD, ma'ajiyar fayiloli mai sauri, daga tsohon faifai mai juyawa. Wannan ya ɗebe sauran.

Ya kuma gaya min gaskiyar da ba ta yi min daɗi ba. Yawancin masu ƙera laftof suna rubuta cewa a yi aiki da ita a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Garwa kuwa a Maris da Afrilu tana haura 40, ɗakin kwano ya fi haka. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take ja, idan iskar da zafi ta shigo to daga nan lissafi zai fara. Don haka kada in kwatanta lambobina da na masu gwaji a Turai da ke zaune a ɗaki mai digiri ashirin da wani abu. Ya ɗaure wasan a hoto 60 don kada injin ya riƙa wahalar da kansa kan hoton da allona ba zai iya nunawa ba. Ya nuna min inda ake mayar da iyakar furosesa kashi 99 cikin 100 a tsarin wutar Windows, wanda ke hana ta hawa sama da 2.3, ya ce in riƙa amfani da shi da rana tsaka idan zafi ya yi tsanani, da daddare in mayar 100. A ɗaga bayanta daga teburi, kada a ɗora ta kan katifa ko darduma. Ƙannena kan katifa suke ajiye ta, yanzu na hana.

Na tambaye shi batun rage wa furosesa bolt, wato ƙarfin wutar da ke shiga cikinta, wanda ke sauke zafi ba tare da an rasa gudu ba. Ya duba, a rufe yake. Tun da aka gano wata kafar tsaro mai suna Plundervolt a 2019, laftof da yawa sun zo da sabon bayos, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta idan an kunna ta, da ya kulle wannan hanyar. Wasu sukan mayar da tsohon bayos don su buɗe. Ya ce shi ba ya yi wa kayan mutane haka, ballantana a bazara, lokacin da ruwan madatsar Lagdo, wadda ke ba yankin wuta, ke ja baya ɗaukewar wuta ta yawaita. Idan aikin ya katse a tsakiya, kwamfutar na iya ƙin tashi kwata-kwata. Game da ɗaukewar wutar ma ya ƙara da cewa idan na ga wasa ya yi nauyi a kan batir kada in ce ciwon ya dawo, haka aka tsara su, katin Nvidia kan sauko da wasa hoto 30 don batir ya daɗe.

Yanzu abin da ban ji daɗinsa ba. Malam ba ya cika alƙawarin lokaci. Caja ta gaske babu ita a shagon sai ta gwajinsa, dole aka aiko daga Duwala. Ya ce min jibi, jibin nan ta zama mako da wani abu. Jinkirin mota ba laifinsa ba ne, amma rashin ɗaga waya nasa ne. Ka kira ta yi ta ringi, ka tura saƙo a WhatsApp ya karanta ya yi shiru. Ni da kwamfutar nake ci, akwai katin bikin mutane a hannuna. Kalma ɗaya ta "ba ta iso ba" ta ishe ni in tsara aikina.

Na biyu, yaransa ba su kai shi kula ba. Ranar da aka ƙara ram ba ya nan, yaro ne ya buɗe ya rufe. Na isa gida na tarar da noti ɗaya babu, ɗaya kuma dogo an ɗaura shi a ramin gajere har ya ɗan tura robar sama. Malam ya gyara, ya yi wa yaron faɗa a gabana, ya ba ni haƙuri. Duk da haka, dogon noti a wurin da bai dace ba yana iya huda uwar allo, ba ƙaramin abu ba ne. Idan za ka kai taka, ka tabbatar shi ne zai taɓa ta.

Na uku, ba ya ba da rasit. Garantin caja da baki ya ba ni. Na yarda da shi, amma kayan sefa 25,000 ya cancanci takarda. Kuma shagon babu wurin zaman kirki, benci ɗaya ne a waje, rana na dukansa tun hantsi.

Kuɗin da na kashe: dubawa 3,000, wankewa da sabon mai da katifar roba 10,000, caja 25,000, ram 15,000. Akwai masu wanke laftof a ƙasa da rabin kuɗinsa a kasuwar nan, amma na ga irin farin man da wasunsu ke ɗiba daga gwangwani marar suna. Kuɗin dubawa kuwa wasu za su ce don me za a biya alhali ba a gyara komai ba. A wurina shi ne kuɗin da ya fi kowanne amfani, don shi ya raba min ciwon zafi da ciwon caja. Cajar ce kawai nake ganin ya ɗan tsawwala. Yana karɓar kuɗi ta waya, Orange Money ko MoMo.

Har yanzu idan Afrilu ta yi Afrilu, da misalin ƙarfe biyu na rana, furosesar kan leƙa digiri casa'in da ɗoriya idan ina fitar da babban fayil. Amma ba ta kaiwa iyaka, 0.8 ɗin nan kuma ban sake ganinta ba. Ya ce in dawo da ita a buɗe a share duk ƙarshen hunturu, man kuwa ba sai an canza kowace shekara ba, sai lambobi sun nuna.

Wanda zai je, ya je da safe kafin kasuwa ta cika, ban da Juma'a, don da hantsi yake rufewa. Ka tafi da cajar da kake amfani da ita a gida, da wasan da ke ba ka matsala a cikin kwamfutar, don da shi zai gwada. Zai buƙaci lambar sirrinka, saboda haka ka kwashe hotunan iyali da fayilolin mutane tukuna, ko ka zauna a yi a gabanka. Idan furosesarka Ryzen ce, ta kamfanin AMD, ThrottleStop ba za ta yi aiki a kanta ba, ta Intel ce kawai, amma HWiNFO64 na karanta duka biyun, kuma na ga yana duba wata Ryzen da ita a teburin gefe. Ka kuma roƙe shi ya bar maka manhajojin awon a ciki. Ni ya bar min, bai ƙara ko sefa ɗaya ba.